Windows 10 Ta Yi Ritaya: Ina Masu Kwamfutar Gwanjo Za Su Dosa?

Ranar Talata, 14 ga Oktoba 2025, kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, bayan shekara goma da 'yan watanni yana kula da ita. Washegari babu kwamfutar da ta ƙi tashi. Mai shagon buga takardu ya tayar da janareta, ya kunna tasa, ta buɗe kamar kullum. Ɗalibar da ke rubuta kundin kammala digiri ta tarar da babinta na uku a inda ta bar shi. Shi ya sa mutane da yawa suka ɗauki zancen a matsayin kurarin 'yan kasuwa masu neman a sayi sabon kaya. Abin da ya tsaya a ranar ba a fuskar kwamfuta ake ganinsa ba. Gyaran tsaro ne da kamfanin ke turowa a Talata ta biyu ta kowane wata, wanda ke toshe kafofin da masu kutse suka gano. Daga wannan rana, duk kafar da aka gano a Windows 10 a buɗe za ta zauna, sai dai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi da kamfanin ya buɗe.

Wanda ke son sanin abin da buɗaɗɗiyar kafa ke jawowa, ya tuna watan Mayun 2017. Ranar 12 ga watan, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da 150, tana kulle wa mutane bayanansu tana neman kuɗin fansa. A Birtaniya asibitocin gwamnati sun soke ganin marasa lafiya, wasu ma sun karkatar da motocin ɗaukar majinyata zuwa wasu asibitocin. Abin takaicin shi ne tun watan Maris Microsoft ya fitar da maganin wannan kafa, waɗanda abin ya rutsa da su kuwa su ne waɗanda ba su karɓi gyaran ba. Lamarin ya yi tsananin da sai da kamfanin ya koma ya fitar da gyaran gaggawa ga Windows XP, wadda ya riga ya yi wa sallama tun Afrilun 2014.

Sauya babbar manhaja ba baƙon abu ba ne. An ga XP a 2001, an ga Windows 7 a 2009, ita ma wa'adinta ya cika a Janairun 2020. Da Windows 10 ta fito ranar 29 ga Yulin 2015, kyauta aka raba ta ga masu Windows 7 da 8.1, kuma kusan duk kwamfutar da ke iya ɗaukar waccan tana ɗaukar wannan. A shekarar ne ma wani ma'aikacin kamfanin, Jerry Nixon, ya faɗa a wani taro cewa ita ce Windows ta ƙarshe, daga nan sai dai a yi ta sabunta ta. Shekara shida bayan haka, ranar 5 ga Oktoban 2021, sai ga Windows 11. Ita ma kyauta ce, amma wannan karon ba kowace kwamfuta aka yarda ta shiga ba.

Sharuɗɗan shiga

A takarda, yawancin sharuɗɗan ba su da tsauri: ram gigabait 4, ma'ajiya gigabait 64, firosesa mai bit 64. Kwamfutar da ta shekara goma sha biyu ma tana iya cika waɗannan. Guda biyu ne suka tare hanya. Na farko shi ne TPM 2.0, wani ɗan sashe a cikin kwamfuta da ke adana makullan sirri nesa da inda manhajar ɓarayi za ta iya kaiwa. Wannan ba a ga laifinsa ba, domin tun 2016 kamfanin ya wajabta wa masu ƙera sababbin kwamfutocin Windows su riƙa sa shi. Sau da yawa ma yana nan, a kashe yake a cikin BIOS, inda Intel ke kiransa PTT, AMD kuma fTPM. Mai gyara da ya san aikinsa zai kunna shi kafin shayinka ya huce.

Sharaɗi na biyu shi ne mai ciwon. Microsoft ya fitar da jerin sunayen firosesar da ya amince da su: a ɓangaren Intel daga janareshan na 8, wanda ya fara fitowa a 2017, a ɓangaren AMD kuma daga Ryzen 2000 na 2018. Duk abin da ya girmi waɗannan an bar shi a waje, komai ƙarfinsa, komai yawan ram ɗinsa. Hujjar kamfanin ita ce tsaro da ɗorewa, har ya ce a gwajinsa kwamfutocin da ba su cika sharaɗi ba sun fi sauran yawan sanƙarewa da kashi 52 cikin 100. Ana iya karɓar wannan. Sai dai da aka sake duba jerin a Agustan 2021, cikin 'yan tsirarun firosesar janareshan na 7 da aka yi wa afuwa har da Core i7-7820HQ, wadda ita ce a cikin Surface Studio 2, kwamfutar da Microsoft da kansa ke sayarwa a lokacin. Wanda ya ce akwai lissafin ciniki a cikin wannan iyaka bai yi ƙazafi ba.

A Disambar 2023 kamfanin binciken kasuwa na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan sauyi. Mai karatu a Landan zai ji wannan adadi ya tuna da gurɓatar muhalli. Mai karatu a Kano ya kamata ya tambayi inda kayan za su sauka.

Daga ofisoshin Turai zuwa teburin ɗan kasuwa

Yawancin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da 'yan jarida da ƙananan ma'aikata a Kano, Kaduna, Zariya ko Sakkwato ba a kwali aka saye su ba. Bankuna da kamfanoni a Turai da Amurka sun yi aiki da su 'yan shekaru, sun sallame su, dillalai sun tattara, sun biyo kwantena zuwa Legas, sun ratsa Computer Village ta Ikeja ko kasuwar Alaba, sannan suka hauro Arewa. Shi ya sa sunayen da aka fi ji su ne HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, duk kwamfutocin ofis ne masu jure wahala. Yanzu da manyan ofisoshin can suka tashi haiƙan suna fitar da duk abin da Windows 11 ta ƙi, kasuwar gwanjo ce za ta karɓe su. Za su yi kyau a ido, za su yi araha, kuma da yawansu lafiyarsu ƙalau.

Ka tsaya gaban tebur ka nuna wata EliteBook 840 G3, mai kaya zai buɗe ta da sauri ya juyo maka da fuskarta: "Yallaɓai, ai Windows 11 ce a kanta, duba ka gani." Bai yi ƙarya ba, ita ce a kai. Amma wannan samfuri janareshan na 6 ne, ta ɓarauniyar hanya aka shigar da manhajar. Yadda ake yi kuwa ba wani sirri ba ne. Mai gyara yana da filash ɗinsa a maƙale da makullin babur. Ya sauke Windows 11, ya buɗe wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna Rufus, ita kuma ta nuna masa wasu 'yan akwatuna: a cire sharaɗin TPM, a cire na ram, a cire na buɗe asusun Microsoft. Ya danna, ya jira, ya soka filash a kwamfutarka, kafin la'asar an gama.

Kuma tana aiki, wannan gaskiya ne. Matsalar tana gaba. Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin turo wa irin wannan kwamfuta gyara ba. Ko da gyaran wata-wata ya ci gaba da zuwa, sabon zubin da ke fitowa duk shekara ba ya sauka da kansa a kanta, kuma kowane zubi na Home da Pro wata 24 kawai ake kula da shi. Ma'ana, bayan shekara biyu kwamfutar za ta faɗa cikin ramin da aka gudu, mai ita kuma bai sani ba, tunda har yanzu yana ganin Windows 11 a gabansa. Zubin 24H2 ma ya ƙara ɗaga katanga, ba ya tashi sam a kan tsofaffin firosesa irin su Core 2 Duo, ko da wace dabara aka bi.

Don haka mai saye ya bar kallon hoton bango. Ya shiga Settings, ya danna System, ya gangara zuwa About, ya karanta sunan firosesar. Idan ya ga i5-6300U, lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce janareshan, wato na 6, ba ta cikin jeri. Idan ya ga i5-8250U, na 8 ce, ta shiga. Daga na 10 zuwa sama lambobi biyu na farko ake karantawa. Kada kuma sunan Core i7 ya ruɗe shi, domin a kasuwa da shi ake ƙara kuɗi. i7-4600U ta 2013 ce, ƙwaƙwalwa biyu gare ta, alhali i5-8250U tana da huɗu. Wanda ya biya kuɗin i7 ya ɗauki ta farkon ya sayi suna ne kawai.

Akwai kuma wata gaskiya da ba a cika faɗa ba. A wurin mutanenmu da dama, kulawar Microsoft ta daɗe da yankewa tun kafin Oktoban 2025, kuma da hannunsu suka yanke ta. Abu na farko da ake roƙon mai gyara shi ne ya kashe afdet, saboda yana shanye data. Ga kuma rubutun nan da ke kusurwar dama ta ƙasa yana neman a yi wa Windows rajista, wanda ido ya saba da shi har ya daina gani. Wanda ke cikin wannan hali, ranar 14 ga Oktoba ba ta rage masa komai ba. Amma a kan wannan kwamfutar yake shiga asusun bankinsa, a kanta yake cike wa jama'a fom da lambobinsu na katin ɗan ƙasa.

Wanda ya samu shiga

Ga mai kwamfutar da ta cancanta, shawarar ba ta da tsawo: ya hau Windows 11, bayan ya kwashe muhimman takardunsa zuwa wani wuri, ya kuma tabbatar batirinsa cike yake, ko akwai abin riƙe wuta idan ta tebur ce, don ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya barin kwamfuta ba ta nan ba ta can. Abin da zai tarar bai yi nisa da abin da ya sani ba. An kai maɓallin Start tsakiya, ana kuma iya mayar da shi hagu. An taƙaita jerin da ke fitowa idan an danna dama, har sai an sake dannawa kafin a ga sauran, abin da ke ƙular da duk mai aiki da sauri. Ram gigabait 4 da aka rubuta kuwa ta tashi ce kawai, ba ta aiki ba. Sai da 8 ake samun sararawa, kuma sauya tsohon faifai mai juyawa da SSD ya fi kowace sabuwar manhaja ƙara wa kwamfuta sauri.

Inda ya kamata a buɗe ido shi ne batun asusu. Windows 11 tana matsa wa mai shigar da ita ya haɗa da intanet ya shiga da asusun Microsoft. A zubin 24H2, idan an yi sabon shigarwa da asusu, kwamfutar kan rufe ma'ajiyarta da BitLocker ba tare da ta yi wata doguwar sanarwa ba, ta ajiye makullin buɗewa mai lamba 48 a cikin wannan asusu. Tsari ne mai kyau idan an sace kwamfuta. To amma a wurinmu wa ke buɗe asusun? Sau da yawa yaron shago ne, da imel ɗin da ya ƙirƙira a tsaye, ya manta kalmar sirrinsa kafin magariba. Ranar da aka taɓa BIOS ko aka sauya wani sashe, shuɗin allo ya fito yana neman lamba 48, babu mai gyaran da zai iya fito maka da fayil ɗaya. Asusun ya zama naka, da lambar wayarka, ka kuma rubuta makullin a takarda ka adana.

Ko a koma Apple?

Duk lokacin da Windows ta ɓata wa mutane rai, sai an samu mai cewa a koma Mac a huta. Akwai abin yabo a can. Tun 2013 Apple ke ba da sabuwar manhajarsa kyauta, kuma tunda shi ke ƙera na'urar shi ke rubuta manhajar, ba a cika fama da neman direba ba. Tun da ya fito da firosesarsa ta M1 a Nuwamban 2020, ya samu abin da ya fi komai amfani ga mai zaune a inda wuta ba ta tsayawa: batirin da ke kai mutum yini. MacBook Air mai M1 ko fanka ba ta da shi, ga shiru, ga rashin zuƙar ƙura. Masu tace fim da masu haɗa sauti suna da dalilinsu na son ta, kuma Final Cut Pro a can kaɗai ake samunta.

Amma wanda ya gudu daga Windows don an ce kwamfutarsa ta tsufa, ya sani Apple ya fi Microsoft saurin yanke wannan hukunci. MacBook Pro ta 2015 ta tsaya a Monterey, ta 2017 ta tsaya a Ventura. A Yunin 2025 kamfanin ya sanar cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe da za ta hau kan Mac mai firosesar Intel. Su ne kuwa suka cika teburan gwanjo, ana sayar da su da tsada saboda tambarin tuffa. Sababbin kuma ram da ma'ajiyarsu a manne suke, abin da ka saya da shi za ka zauna, babu ƙari. Ga kullen iCloud: idan mai ita na farko bai cire asusunsa ba, ka sayi abin da ba za ka iya buɗewa ba. Kayan gyaranta ma ba a kowane layi ake samu ba.

Hanya ta uku

Linux ta girmi da yawa daga cikin masu jin tsoronta. Linus Torvalds ya fara ta a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, kuma duk mai riƙe da wayar Android yana amfani da ita bai sani ba. A kan tebur, Ubuntu ce ta fi suna, wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya ƙaddamar a 2004. Amma ga wanda hannunsa ya saba da Windows, Linux Mint ta fi sauƙin sabo, komai yana inda ido ke nemansa. Kyauta ce, ba ta tambayar TPM, ba ta duba janareshan, kuma zubi na 22 yana samun gyaran tsaro har 2029. EliteBook ɗin nan da Windows 11 ta ƙi, a kan Mint gudu take yi. Ana ma iya gwada ta daga filash ba tare da an goge komai ba, a ga ko wayales da sauti da firinta suna aiki kafin a yanke shawara. Cutar nan da ke bin filash daga shago zuwa shago tana mayar da folda gajeriyar hanya, a nan ba ta da abin kamawa. Allon rubutun Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ yana nan a ciki, kamar yadda yake a Windows.

Masu wa'azin Linux sukan tsaya a nan, amma mai shagon buga katin biki da kalandar 'yan siyasa yana da tambaya ɗaya: CorelDRAW fa? Babu ita a Linux. Babu Photoshop, babu AutoCAD, babu Microsoft Office irin wadda ake shigarwa. Akwai madadinsu, Inkscape da GIMP da LibreOffice, kuma ba na wasa ba ne. Sai dai abokin ciniki da fayil ɗin Corel yake zuwa, mai injin buga bana ma shi yake jira. Ɗalibi kuma zai buɗe kundinsa a LibreOffice ya tarar shafi ya goce, tebur ya tsallaka, saboda babu irin haruffan da aka rubuta shi da su a Word, ga malami mai duba aiki da ba ya karɓar uzuri. Manhajojin ɗaukar hoton yatsa da hukumomi ke bai wa cibiyoyin rajista su ma akasari don Windows aka rubuta su. Wanda abincinsa ke rataye da ɗaya daga cikin waɗannan, kada a yaudare shi.

Ko gwamnatoci masu kuɗi sun sha wannan tirka-tirka. Birnin Munich na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, duk da shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya taka har can don ya shawo kan magajin gari. Sai da aka shekara goma kafin a kammala sauya kwamfutoci kusan 15,000, sannan a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Duk da haka a 2024 jihar Schleswig-Holstein, a Jamus ɗin dai, ta sanar da nata shirin na raba kwamfutoci kusan 30,000 da manhajojin Microsoft. A duka biyun, abin da ya fi cin lokaci shi ne tsofaffin fayiloli da ƙananan manhajojin ofis da kuma abin da ma'aikata suka saba da shi.

A ganina, mafi yawan masu kwamfuta a cikinmu ba sa cikin rukunin mai Corel. Aikinsu bai wuce burauza, imel, kallon darasi, rubuta wasiƙa da taron bidiyo ba. Ga irin waɗannan, tsohuwar ThinkPad mai Mint da ke karɓar gyara ta fi aminci nesa ba kusa ba a kan Windows 11 ta ɓarauniyar hanya da aka kashe wa afdet. Abin da ya rage shi ne masu gyara su koye ta, don a yanzu idan ka kai Linux shago, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce a yi mata fomatin a mayar da Windows.

Sayen lokaci

Wanda bai shirya ko ɗaya ba, Microsoft ya buɗe masa ƙofar jinkiri. An ba mutum ɗaya damar samun ƙarin shekara guda ta gyaran tsaro, zuwa 13 ga Oktoban 2026, ta hanyar biyan dala 30, ko ba da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko kuma kyauta idan ya yarda a riƙa adana saitin kwamfutarsa a asusunsa na Microsoft. Dole kwamfutar ta kasance a kan zubin 22H2, kuma Windows ɗin mai rajista ce. A tuna kuma Office 2016 da 2019 su ma wa'adinsu ya cika a rana ɗaya da Windows 10, wannan shiri bai shafe su ba.

Kamfanoni da ma'aikatu nasu lissafin daban ne: dala 61 kan kowace kwamfuta a shekarar farko, 122 a ta biyu, 244 a ta uku. Jimilla dala 427, kuɗin da zai sayi kwamfutar gwanjo mai janareshan na 8 har a samu canji. Makarantu ne aka yi wa rangwame na gaske, dala 1 a shekarar farko, 2 a ta biyu, 4 a ta uku. Ga makarantar da ke da ɗaki cike da tsofaffin kwamfutocin tebur, wannan kusan kyauta ne. Sai dai rangwamen ta hanyar lasisin makarantu ake samunsa, don haka shugaban makarantar da zai nema sai ya fara binciko takardar da ke nuna inda aka sayi Windows ɗin da ke kan kwamfutocin nasa.